Dusar Gidan Mama Odil

Ƙwal, ƙwal, ƙwal, ƙwal. Sau huɗu. Ina duƙe gaban murhu ina dama kunun safe na ji shi, sai na tsaya da ludayi a hannu, domin a gidanmu babu huɗu.

Wadda ba ta taɓa shigowa gidanmu na Lamorde, a Yamai, ba ba za ta gane ba, bari in faɗa. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Inna, mahaifiyarmu, bakinta ya rufe. Sai muka yi dabara, muka ajiye mata cokali da kwanon sha a gefen katifa. In ta buga sau ɗaya, ruwa take so. Sau biyu, a zo a juya ta. Sau uku, lokacin salla ya yi. Fiye da shekara muna a haka, ba mu taɓa wuce uku ba.

Na kai mata ruwa, ta kau da kai. Na juya ta, ta sake bugawa, huɗu. Dije ce ta gane, ƴar yayana Lawali, wadda nake riƙo tun rasuwar uwarta, shekararta bakwai. Ta ja mini zane ta ce, "Gwaggo, hular Baba take kallo." Na ɗaga kai, ga hular nan rataye a ƙusa inda Yaya Lawali ya bar ta ranar da ya tafi.

Ƴan'uwana na makarantar Islamiyya, tun da na dawo ba ku bar ni na huta ba. Wannan ta ce yaya ƙasar Benin take, waccan ta ce da gaske ne na shiga kwalekwale, wata kuma ta ja ni gefe ta yi ƙasa da murya, wai ta ji na kwana gidan giya. To, na kwana. Shi ya sa na ga gara in rubuta shi sau ɗaya tun daga tushe, kowa ta karanta, in huta da maimaici.

Yaya Lawali direban kamiyo ne, babbar motar kaya, Kwatano zuwa Yamai, tun ina kolej yake bin wannan hanya. Wata tara kafin wannan safiya ya yi hatsari a cikin Benin. Ya kira ya ce ƙafa ce ta ɗan bugu, yana nan tafe. Wata ya shige, yana nan tafe. Daga baya ma ya daina ɗaukar waya. Sai magana ta fara yawo a Zongo, inda maigidana yake da shagon ɗinki: wai Lawali ya lalace, ya tare a gidan wata mai burkutu, ko kusa da shi ka tsaya sai ka toshe hanci. Mun ɓoye wa Inna iya ƙoƙarinmu. Amma kun san mu mata in mun je dubiya, in marar lafiya ba ya magana sai mu ɗauka kunnensa ma ya mutu.

Daga ranar bugu huɗu Inna ta rage cin abinci, har ya koma kurɓi biyu na kunu. Cokalin kuwa ta damƙe shi, ko barci take ba a iya zare shi daga hannunta. Likita ya zo ya duba ta ya ce, "Madam, ciwon jikinta bai ƙaru ba. Abin da take kira za ku nemo, kuma kada ku daɗe."

Maigidana ya ce shi da ƙanwarsa za su kula da Inna, ni in tafi, don in akwai wadda Lawali ke jin nauyin ƙi wa magana, to ni ce. Ya haɗa ni da Kawu Manzo, ƙanin Inna, wanda ya yi fataucin goro da ƙuruciya, kuma har yau bai yarda ƙasar ta canza suna ba, Dahome yake ce mata. Kawu kunnensa ɗaya ne ke aiki, shi ma sai ya ga dama.

Mun shiga kar, motar safa, bayan sallar asuba, da guzurin dambun zogale, kilishi da dabino. Allah ya haɗa ni kujera da wata Bazabarmiya mai suna Fati, mai safarar albasa, wadda ta san hanyar kamar tsakar gidanta. Kafin mu kai Doso ta ji tarihinmu duka, ni ma na ji na surukarta. A Doso aka tsaya karin kumallo, Kawu ya zagaya bayan tasha, direba ya yi ta oda Kawu bai san ana yi ba. Fati ta sauka ta tsaya ƙiƙam gaban motar da hannu a ƙugu, ta ce sai dai a bi ta kanta. Can sai ga Kawu yana tafe a hankali da butarsa, yana mamakin yadda mutanen zamani ba su da haƙuri.

Mun isa Gaya, bakin iyakar Nijar da Benin, da azahar. Kun san gada a rufe take, ta ruwa ake ƙetarawa. Wajen duba takardu na miƙa katina da karne, littafin allurar rigakafi, aka wuce da ni. Da aka zo kan Kawu, ɗan sandan ya tambaye shi da Faransanci ina za shi. Kawu ya gyara tsayuwa ya ce, "Saba'in da uku, in Allah ya kai mu damina." Mutumin ya yi dariya har ya dafa tebur, ya ce da Hausa, "Allah ya ƙaro wasu, Baba, wuce."

Ni da aka haifa a bakin kogi, nake haye gadar Yamai kowane mako, ban taɓa sa ƙafa cikin kwalekwale ba sai ranar. Aka loda buhunan albasa, aka loda babur, aka loda wani firiji, sannan aka ce mutane su shigo. Bakin jirgin da ruwa bai fi tsawon tafin hannuna ba. Na runtse ido na kama duk addu'ar da na sani. Fati ta zungure ni ta ce, "Hajiya, buɗe idonki mana, in mun kife ai kya san inda za ki nufa." Ban buɗe ba sai da na ji mun daki ƙasa. Ina sauka taɓo ya haɗiye mini takalmi ɗaya, na lalube shi har gwiwar hannu ban samu ba. Da takalmi ɗaya na shiga ƙasar mutane, Fati na bayana tana ta yi mini kirarin amarya.

A Malanbil muka kwana, gidan wani mai masauki Bagobiri wanda Kawu ya san mahaifinsa. Matarsa ta ba ni silifa, ta ba ni ruwan wanka, ta kawo mana sakwarar doya da miyar gyaɗa. Cikin miyar akwai wasu yanka jajaye, na ɗauka nama ne, na tauna na ji ya narke. Ta ce wagashi ne, cukun Fulanin can. Namu cukun sai ka yi yaƙi da shi kafin ya karye, nasu kuwa laushi kamar awara, soya shi suke yi su jefa a miya. Na tuna Inna da haƙoranta, na ce a raina wannan za ta iya ci, in za ta ci.

Da safe Ɗan Tawa ya zo ɗaukarmu. Abokin aikin Lawali ne, tun da aka rufe gada ya koma jigilar albasa daga Malanbil zuwa Paraku, kuma ƙauyen da Lawali yake a kan hanyarsa yake, gaba da Kandi. Daga bakinsa maganar Zongo ta fito, na sani, shi ma ya san na sani. Muna cikin tafiya ya ce, "Zuwera, kada ki ga laifina. Ni ban ce na gan shi yana sha ba."

Na ce, "To me ka gani?"

"Ba gani ba ne, ji ne. Na tsaya na gaishe shi, na rungume shi, wallahi sai da kaina ya sara. Hanci ba ya ƙarya, ƙanwata."

Muka ci gaba da tafiya. Ya sauke mu a bakin kwalta, ya nuna mana wani gida mai hayaƙi can ƙarƙashin itatuwan mangwaro, ya ce shi dai ƙafarsa ba ta shiga wurin, gobe da la'asar zai dawo ya ɗauke mu, mu biyu ko mu uku.

Tun kafin mu kai ƙofa warin ya tarbe mu, tsami-tsami, zaƙi-zaƙi, kamar ƙullun da aka manta da shi kwana huɗu a ɗaki. Kawu ya ja tunga, ya shimfiɗa buzunsa a gindin mangwaro ya ce nan ne iyakarsa. Na yi bisimilla na shiga ni kaɗai.

Wata mata ce gajera kakkaura ta fito daga cikin hayaƙi, hannuwanta duk tabon ƙuna, da ɗan gicciye a wuyanta. Ita ce Mama Odil. Ba ta jin Hausa, Faransancinta kaɗan ne, amma ta yi mini magana da Dendi, sai na ji ashe ɗan'uwan Zabarmanci ne, wanda na tashi da shi a Lamorde. Ta dubi fuskata ta ce, "Wannan goshin na san shi." Ta juya ta ƙwala kira: "Nijar! Fito, an zo kama ka!"

Haka take kiransa, Nijar. Ya fito yana dogara sanda, ƙafar dama ta gajarce, rigarsa na lilo a jikinsa. Mutumin da yake cika ƙofa in ya shigo. Na durƙusa na ce, "Yaya, ina wuni." Ya amsa yana kallon ƙasa. Har na tashi bai dube ni ba.

Mama Odil ta kama hannuna ta kai ni wata ƴar rumfa a ƙarshen gidan. Ga tabarma, ga buta, ga tukunya da kwanoni biyu a kife kan dutse. Ta ce, "Waɗannan nasa ne, ba abin da ya taɓa su sai abinci. Kaza ma sai na kai wa Bafulatanin bayan gari ya yanka. Ki ci ba tsoro." Ta ce da asuba in ta jiyo ladanin ƙauyen da ke gaba, ita take buga masa ƙofa ta ce Nijar, ana kiranku.

Na tambaye ta yadda aka yi ya zo hannunta. Ta ce da sassafe ne, an kwana ana ruwa, ta fita itace ta tarar da kamiyo kwance a kwana, shi kuma a cikin ciyawa, ƙafar a buɗe har ƙashi, laka ta cika ciwon. Ba mota, ba kowa. Ta ɗora shi a amalanke ta turo shi gida, ta wanke ciwon da abin da take da shi mafi ƙarfi, yana ihu yana kiran Inna, kafin a samu babur a kai shi likita. Da aka sallame shi ba mota, ba aiki, ba ƙafa, sai ta ce ya dawo rumfar nan.

Na ce, "Mene ne abin da kika wanke ciwon da shi?"

Ta ce, "Zo ki gani, in addininki bai hana kallo ba."

Na bi ta, domin ina so in san cikin me ɗan'uwana yake zaune. Sana'arta burkutu ce, can cukutu suke ce mata. Jar dawa take jiƙawa ta yi tsiro, ta shanya, ta niƙa, ta dafa, ta tace. Har nan ban ga abin da ya bambanta da kunun zaƙin da Inna ke yi mana da tsiro ba. Mu a nan muke sauke tukunya mu sha, su kuma su bar shi ya kwana ya zama abin da Allah ya hana. Dusar da ta rage bayan tacewa, sauran masu sana'ar aladu suke zuba wa. Ita ta ce akwai sauran ƙarfi a ciki, asara ce. Sai ta zuba ta cikin tono, wato duro, ta ƙara ruwa da sikari, ta rufe da buhu, kwana biyar yana ta ɓulɓula. In ya yi shiru ta juye cikin wata ganga a kan wuta, ta liƙe murfin da laka. Tururin ya bi wani tiyo na jan ƙarfe da ya nannaɗe cikin randar ruwan sanyi, ya fito ta ƙasa yana ɗiga cikin kwalba, ɗis, ɗis, fari tas kamar ruwan pampo. Wiski suke ce masa. Ta ce na farkon da ke fitowa ba ta ba kowa ya sha, yana kashe ido, shi take ajiyewa don ciwo. Da shi ta wanke ƙafar Yaya.

Na tsaya ina kallon kwalbar nan. Abin da na tashi ina ƙyama, har yau kuma ina ƙyamarsa, ga shi an ce da shi aka tsare wa ɗan'uwana ƙafa. Sai na ce Allah mai iko.

Ta nuna mini tono biyu shuɗɗa a jikin katanga, ta ce dusar da aka gama dafawa, wadda ƙarfinta ya fita, cikin ɗayansu take zubawa, ita Nijar ke kiwon ragunansa biyu da ita. Na ga ragunan, ƙosassu, fatarsu na sheƙi. Hankalina yana kansu, ban kula da wane tono hannunta ya nuna ba.

Bayan magariba muka zauna da Yaya a rumfa. Na gaya masa Inna ba ta ci, na gaya masa abin da likita ya ce. Ya rufe fuska da hannu ya daɗe. Sannan ya ce, "Zuwera, wallahi ko ɗigo bai taɓa shiga bakina ba."

Na ce, "Na yarda. To tashi mu tafi."

"Ba ki gane ba. Tiyon nan da kika gani, ni na ɗaura shi. Da na zo, da tsohuwar radiyatar mota take yi, mai dalma a ciki. Ni na san abin da ke cikin radiyata, guba ce take ba mutane ba ta sani ba. Na kasa yin shiru. Na sa aka samo jan ƙarfe, na zauna na nannaɗe shi da hannuna. Matar da ta ɗauke ni daga kwalta. Amma ko ta yaya aka juya, na taimaka an yi giya. Ga Zongo duk an ce ni mashayi ne. Da wane ido zan shiga wurin Inna? Ganina ma sai ya ƙarasa ta. Ki ce mata ina nan tafe."

Na ce, "Wata tara kana tafe, Yaya." Na tashi na bar masa rumfar, don kada in faɗi abin da ƙanwa ba ta faɗa wa yayanta.

Kun san halina, in raina ya ɓaci aiki nake nema. Da na idar da sallar asuba na share tsakar gidan tas, na wanke kwanoni, sai na ji raguna na kuka. A gida ma abin da nake yi ke nan kowace safiya, in dama wa tumakina dusa. Na ɗauki ƙwarya na nufi tono biyun nan. Ɗaya a buɗe, ƙudaje na bi, ɗaya an rufe shi da buhu an ɗaure da kyau. To wace mace ce za ta bar abin da aka rufe ta ɗebi wanda ƙuda ya sha? Na kwance buhun. Warin ya bugi hancina, na ce ai dusa in ta kwana a jiƙe dole ta yi tsami. Na yi ta kwasa ina cika kwatarniya, ruwan na zubo mini a hannu da zane da hijabi. Ragunan suka kafa kai, awakin Mama Odil uku suka zo suka taya su. Da na ga suna so, na ƙara musu. Na ƙara kuma.

Rana ta ɗan ɗaga sai na ji salatin Kawu. Babban ragon ne ya fita har gindin mangwaro yana tangaɗi, ya zo gabansa ya gurfana, ya kife. Ɗayan yana ta tunkuyar turmi. Akuya guda ta jingina da katanga, ido a lumshe, tana wani kuka siriri kamar mai rera waƙa. Kawu, da ya rantse ba zai taka gidan ba, sai ga shi tsakar gida yana jan rago da ƙafa yana ihu: "Wuƙa! Ku kawo wuƙa kafin ya zama mushe! Lawali, ina alƙibla a garin nan?"

Yaya ya fito da sanda, Mama Odil ta fito da gudu. Ta dubi dabbobin, ta dubi tonon da ke buɗe ya koma rabi, ta dube ni tsaye da ƙwarya, jiƙe sharkaf. Sai ta zauna daɓas a ƙasa ta kama dariya, tana dukan cinya, hawaye na zuba. Da ƙyar ta iya cewa Yaya ya riƙe tsohon nan kada ya yanka masa dukiya, ba mutuwa suke ba. Yaya ya kai baki kunnen Kawu mai aiki ya ɗaga murya: "Kawu, buguwa suka yi! Zuwera ce ta ba su!"

Kawu ya saki ƙafar ragon, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Zuwera? Mai zuwa Islamiyya?"

Nan Yaya ya fashe. Ya yi dariya har sandarsa ta faɗi, ya dafa kafaɗata don kada ya bi ta. Wannan ne karo na farko da ya dubi idona.

Ni kuwa kunya kamar ƙasa ta tsage. Aikin kwana biyar na ɓata wa matar da ta ba ni masauki, a ranar da za ta ɗora shi a wuta. Abin da na ɓata kuma haram ne. Na rasa wanne zan nemi gafararsa. Na durƙusa gabanta na ba ta haƙuri. Ta share ido ta ce, "Wata tara ɗan'uwanki na gidan nan bai zubar mini da ɗigo ba. Ke kwana ɗaya! Tashi, tashi. Yau bayana zai huta da wuta, ke kika ba shi hutu."

Na yi wanka sau biyu, na wanke kayan sau uku da sabulu, na sa wasu daga jaka, sannan na yi azahar. Dabbobin suka yi barcinsu a inuwa suka tashi suna neman ruwa. Kawu ya yanke hukunci cewa kada a kuskura a ci namansu sai sun yi kwanaki suna cin ciyawa zalla. Kuma tun da ya riga ya shigo, ya zauna ya ci doya a rumfar Yaya.

Da la'asar muka ji odar Ɗan Tawa. Ya tako har bakin mangwaro, iyakar da ya ɗibar wa kansa. Na fita na gaishe shi. Ina matsowa na ga hancinsa ya motsa, ya ɗan ja baya, ya sake dubana.

Na ce, "Ɗan Tawa, me hancinka ya gaya maka?"

Ya ce, "A'a, ba komai."

"Faɗi mana. Ai ba ya ƙarya. In ka koma Zongo ka ce Zuwera ma ta fara. Ga Kawu nan, shi ma sansana gemunsa."

Kawu ya ji sunansa ya matso ya miƙa masa hannu, warin ya biyo shi, don shi ya rungumi rago. Ɗan Tawa ya tsaya baki buɗe. Na ce, "Kwana ɗaya muka yi, da wanka da sabulu. Shi wata tara." Mutumin kirki ne, in faɗi gaskiya. Ya cire hula, ya tsallake iyakar tasa ya shiga gidan, ya kama hannun Yaya da hannu biyu ya ce, "Lawali, na ci namanka. Ka yafe mini. Da bakin da na ɓata, da shi zan gyara, shago-shago."

Yaya ya ce ya yafe, amma bai motsa daga kan tabarma ba. Ya ce saura maganar tiyo. Dole ya faɗa wa Kawu, kuma Kawu ba a yi masa raɗa, don haka asirin da ya ɓoye wata da watanni sai da ya faɗe shi da ƙarfi har maƙwabta suka ji. Kawu ya ce, "Ka sha?" Ya ce a'a. "Ka sayar?" Ya ce a'a. Kawu ya ce, "To ni ba malami ba ne. Akwai malamai a Yamai, ka kai musu tiyonka su gaya maka nauyinsa, ka tuba. Ko an ce maka sai a Dahome ake karɓar tuba?"

Yaya ya shiga murza sandarsa. Kwanonsa na gabana da cokali a ciki. Ban shirya ba, hannuna ne kawai ya ɗauka. Na buga ɗaya na ce, "Wannan ruwa ne." Na buga biyu. "Wannan a juya ta." Na buga uku. "Wannan salla." Sannan na buga huɗu, a hankali, yadda take yi da ɗan ƙarfin da ya rage mata.

Ya ce, "Wannan fa?"

Na ce, "Kai ne. Tun safe har dare."

 Ya lalubi sandarsa ya miƙe, ya shiga naɗe tabarma, hawaye na sauka a kanta. Mama Odil ta ƙwace ta ce ya bar mata, wani Nijar ɗin na iya faɗuwa a kwanar. Ta ce, "Tafi. Don uwarka na ɗauko ka, ba don kaina ba. Doyata ma ta huta." Ya bar mata ragunan biyu. Ta ɗaure mana doya da wagashi cikin buhu.

Da za mu rabu na riƙe hannuwanta masu tabo, na yi ta cewa fofo, fofo, don ita ce kalmar godiya da muka haɗa. Na ce mata zan riƙa roƙon Allah ya ba ta wata sana'a wadda ta fi wannan. Na ɗauka za ta ji haushi. Ta ce, "Roƙa, ƴata. In ya ba ni zan karɓa. Ki ce masa da raguna a ciki, na ga suna da riba in ba a shayar da su ba." Har yau ina roƙa mata, bayan kowace salla, da sunanta. Ku ma ku taya ni.

Dawowa ba ta da labari mai yawa. Masu kwalekwale suka ɗauki Yaya cak suka sa shi a jirgi, ni kuma wannan karo na buɗe idona, na riƙe takalmana a hannu. Tun daga Doso yake tambayata ko ya yi wari, ina ce masa warin albasar Ɗan Tawa kawai nake ji.

Mun shiga Lamorde bayan la'asar. Tun daga zaure muka jiyo shi, a raunane, ƙwal, ƙwal, ƙwal, ƙwal. Yaya ya jingine sandarsa a bakin ƙofa, ya shiga da rarrafe, Dije na manne da rigarsa. Na ga ya kifa kansa a gefen katifa, na ga idon Inna ya sauka daga ƙusa ya dawo kansa. Daga nan ban iya tsayawa ba. Na koma madafa na hura wuta na ɗora ruwan kunu, ina kuka ina gode wa Allah, ina gode wa wata mata can bayan Kandi da ba ta san ana yi ba.

Ina cikin damawa na ji an ja mini zane. Dije ce, ta miƙo mini abu, ƙarfen har da ɗumin hannu a jikinsa.

Ta ce, "Gwaggo, ga cokalin Inna, ta sake shi. Ki wanke, Baba zai ba ta kunu da shi."